Raguna Biyu a Wuro Mayo

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi
Ranar Litinin

Zuwa ga taubashina Malam Mansir, tsohon hedimasta, mazaunin Inkil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Saudatu da yara, da kajin nan naka da ba su taɓa yin ƙwai ba.

Wata magana na ji mako uku da suka wuce, na kuwa ƙi yarda da ita. Wai an gan ka a Wuro Mayo, ƙauyen Ardo Bakari da ke bakin kogi, wai har an yanka maka rago. Da na ji sai na yi dariya. Na ce Mansir ɗin da ko gonarsa ta bayan gida ba ya zuwa sai da takalmi sau-ciki, shi ne zai naɗe wando ya shiga ruwa? Kuma Ardon da na sani shekara talatin da ɗaya, tun ina malamin dabbobi ina zagaya rugage da akwatin allura a bayan babur, ba ya kayar da rago sai suna ko layya.

Bayan kwana biyu wata ta sake kawo mini ita, ta ƙara ƙiba. Wai an rako ka har mota, an sa maka ƙwaryar man shanu a but. Ita ma na ce ta je ta sake jin labarinta da kyau. To amma tun ranar matata Kubura ke cewa ina barin tuwo a kwano, ni kuwa na ce mata miyar ce ta canja.

Kada ka kira ni a waya. Kunnena na hagu ya riga ya yi ritaya, na dama kuma dariyarka kaɗai yake ɗauka. Ka rubuta, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana dukan 'ya'yan mutane a kan rubutu. Habila mai keke ne zai kawo maka wannan, zai jira amsa.

Abu uku nake son ji. Ka je? An yanka? Wa ya nuna maka hanya?

Ba wai abin ya dame ni ba ne. Ina dai son in san abin da zan ce wa masu tambaya.

Naka,
Abdulbaqi

*

Inkil
Litinin ɗin dai

Taubashi, bawana,

Wa alaikumus salam. Kajin suna gaishe ka. Habila na zaune a zaure yana cin gyaɗata, don haka zan yi sauri.

Na je. An yanka. Kai ka nuna mini hanya.

Shekara talatin da ɗaya kana zama a zaurena kana ba ni labarin Wuro Mayo. Na san inda ake barin kwalta kafin gadar Dindima, na san tsamiyar da ake ajiye abin hawa a gindinta, na san mashigin da ruwa ba ya wuce gwiwa in kaka ta yi. Ka faɗa mini har na haddace kamar karatun allo. Kuma duk shekarun nan ta ƙofar gidana hanyar take bi. Ina jin ƙarar babur ɗinka da safe, ko hon ba ka taɓa danna mini ba. In na ce yaushe za mu je, sai ka ce wata rana, hanyar ba kyau. Wata ranar ce na ga ba ta da niyyar zuwa, shi ya sa ran wata Asabar na zuba mai a mota na kama hanya ni kaɗai.

Hanyar kuwa lafiyarta ƙalau. Burji ne ja, an sare dawa hagu da dama an jingine, mata na ta figar gyaɗa. Na tsaya sau biyu ba don komai ba, don in kashe mota in saurara. Da na ƙetare ruwan, da takalmina a hannu, sai na gane abin da ya sa kake ɓoye wurin. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ƙarar ruwa ce kawai, sai taɓarya can nesa, sai balbelu a bayan shanu.

Na iske tsohon a inuwa yana tufka igiya. Na yi sallama na ce ni taubashin Abdulbaqi ne na Bauchi. Ya dube ni, ya ajiye igiyar, ya shiga gida. Kafin in gama wanke ƙafa na ji kukan rago. Sabuwar tabarma, kindirmo mai sanyi, hanta gasasshiya, kai har cinya aka ƙunsa wa Saudatu. Da zan tafi shi da 'ya'yansa suka ƙetare ruwa da ni har mota.

Na san tambaya ta huɗu da ka kasa rubutawa, bari in amsa maka. Ya tambayi Kubura, ya tambayi yaranka ɗaya bayan ɗaya, har babur ɗinka ya tambaya ko yana tashi. Amma sunanka bai fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Da na ce an yi maka aikin yanar ido, shi ya sa shekara biyu ba su gan ka ba, sai ya juya yana kallon shanu ya ce, “To.” Shi ke nan.

Man shanun yana nan saura. In kana so in aiko maka da cokali guda.

Ubangidanka,
Mansir

*

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi
Ranar Alhamis

Zuwa ga Ardo Bakari na Wuro Mayo. Allah ya ja zamanin Ardo, ya albarkaci garke.

Bayan sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina gaida uwargida Inna Hajja da Kabiru da ƙannensa da duk mutanen gida. Da ajami na rubuta don ka karanta da kanka, kada maganar ta bi ta bakin wani. Habibatu mai nono ce za ta kawo in ta tashi daga kasuwa.

Ardo, na ji irin karɓar da aka yi wa taubashina. Na gode, Allah ya mayar da alheri. Sai dai akwai abin da ke raina, dole in faɗa maka.

Shekarar da ciwon huhu ya shigo rugage, kwana goma sha ɗaya na yi a garkenka ban koma gida ba, har Kubura ta aiko a duba ko na mutu. Ranar da maraƙi ya gicciye a cikin Saige, saniyar da ka fi so, hannuna ne ya shiga har kafaɗa ya juyo shi. Ba gori nake yi ba, kai ma ka san ba halina ba ne.

A duk shekarun nan me na ci a gidanka? Tuwon dawa da miyar kuka, akushi ɗaya da kai, da safe ɗumame. Tsohuwar fatar da kake salla a kai ita ake tura mini in zauna. Inna Hajja ta aike ni in riƙe mata maraƙi tana tatsa, in na saki ta ce mini mijin shanu da ba shi da ƙarfi. In zan tafi kana zaune kana tufka, ko kai ba ka ɗagawa, sai dai ka ce, “Sai ka dawo.” Ko zakara ba a taɓa kamawa don ni ba. Ko zuwa bakin ruwa ba a taɓa raka ni ba.

Sai ga mutumin da bai san karsana da bijimi ba, ya zo yini ɗaya, an kayar masa da rago. Kuma an ce ko sunana ba ka kama ba.

In laifi na yi, a faɗa mini. In kuwa amfanina ne ya ƙare tun da na ajiye allura, shi ma a faɗa mini, na girmi a ɓoye mini magana.

Wassalam.
Abdulbaqi, tsohon malamin dabbobi

*

Wuro Mayo

Bismillahi. Daga Bakari zuwa ga mutumin Ɗan Iya.

Gaisuwa. Takarda ta iso, na karanta sau biyu. Mutanen gida lafiya. Shanu lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa ya ja baya, ana ƙetarewa da ƙafa.

Ban san kana riƙe da waɗannan ba.

Akwai rago. In shi kake so, ka zo ran Asabar. Duk abin da aka yi wa baƙo za a yi maka, ba za a rage komai ba.

A gaida Kubura.

Wassalam.

*

Unguwar Ɗan Iya
Ranar Laraba

Mansir,

Sallama. Ka riƙe cokalin man shanunka, ka shafa a ƙafa.

Ardo ya aiko mini da takarda da hannunsa, yana gayyata ta ran Asabar. Kai da kanka ka kai kanka, ni kira na aka yi, ka lura da bambancin. Na sa an wanke mini babbar rigar nan shuɗiya da na ɗinka bikin 'yata Salma.

Yara sun ɓoye makullin babur tun da aka yi mini aikin ido, sun ce ko kasuwar Wunti ba zan je da shi ba. Don haka ina bukatar direba. Ka zo da ƙarfe bakwai, ka wanke motar, ka cire buhunan dusar kaji daga kujerar baya. Ni a gaba zan zauna. Za ka ga yadda ake karɓar mutanen da aka sani.

Abdulbaqi

*

Unguwar Ɗan Iya
Ranar Talata

Taubashi Mansir,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar tuƙi? A gaida Saudatu, a ce mata na gode da aron mijinta.

Da muke dawowa ka tambaye ni sau uku me ya sa na yi shiru, na ce maka ƙurar hanya ce. Ba ita ba ce. Kai kana cikin gida duk yinin, ba ka ga abin da aka yi mini a waje ba. Bari in ba ka labari a tsanake, tun da Kubura ta gaji da ji.

Ka dai tuna yadda na cika ka da surutu a tafiya, ina nuna maka gonar wane da rijiyar wane, ina gyara maka sunan itatuwa. Ka tuna yadda na ɗage babbar riga na ratsa ruwan kamar ango. Ka kuma ga Ardo a tsaye a bakin gaɓa, cikin farar riga da rawani, 'ya'yansa a jere a bayansa. Ni ban taɓa ganin sa da rawani ba sai ranar idi. Ya miƙo hannu biyu ya ce, “Marhaban da Alhaji Abdulbaqi.”

Mansir, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. “Kai” yake ce mini, ko “mutumin nan”. Da na ji shi sai na waiga, na ɗauka da wani yake.

Daga nan aka raba mu. Kai Inna Hajja ta leƙo ta ce, “A'a, Malamin makaranta ya dawo, shigo mana,” ka bi ta kamar tsohon ɗan gida. Ni aka yi da ni bukkar baƙi, wadda ke wajen zana. Shekara talatin da ɗaya ina wuce bukkar nan, ban taɓa sanin yadda cikinta yake ba. An share, an shimfiɗa sabuwar tabarma mai ƙamshin kaba, an ajiye matashi. Ardo ya zauna a bakin ƙofa, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni gida, ya tambaye ni gajiya, ya sake tambayar hanya. Ya ce in huta. Ya tashi.

Na ji kukan ragon. Gaskiya a lokacin na ji daɗi, har na gyara zama.

Aka kawo nama a kwanon samira da murfi, aka kawo kindirmo, aka kawo ruwan wanke hannu. Aka ajiye aka ja da baya, don ka san su ba sa tsayawa kallon baƙo yana ci. Na zauna ni da rago. Haƙorana na ƙasa huɗu suka rage, biyu ma suna shawara. Na ɗauki tsoka na juya ta a baki na ajiye. Tuwon dawan nan da na rubuta ƙorafi a kansa, shi ne abin da bakina ke iya ci, kuma ƙamshinsa na tasowa ta saman zana.

Ba ƙamshin kaɗai ke tasowa ba, har da dariyarka. Ina jin ka. Ina ji Inna Hajja na cewa, “Riƙe shi da kyau, Malam, maraƙi ne ba ɗalibi ba.” Ina ji Ardo na ce maka, “Kai, matsa, ka tare mini akushi.” Ni ake ce wa matsa. Wurina ne ka zauna, a kan fatar nan, na sani ko ban gani ba, don babu wani wurin zama a gindin itacen tsakar gidan. Na yi maka fatan ƙashi ya maƙale maka, sai na tuna babu ƙashi a tuwo, duk ƙasusuwan suna gabana.

Can Inna Hajja ta zo gaishe ni. Ta tsaya a bayan zana, ta rage murya, ta ce, “Alhaji an zo lafiya? Ya mutan gida?” Matar da ta taɓa bi na da muciya don na zubar mata da nono. Na ce, “Inna, ni ne fa, mijin shanu.” Ta ce, “Allah ya huci gajiya,” ta tafi.

Daga ƙofar bukkar ana ganin kogi. Ban taɓa zama na kalle shi ba, kullum wucewa nake yi da akwati a kai. Ruwan na tafiya a hankali a kan yashi, mata biyu na wanke ƙore, wani masunci na jefa birgi ba ya kama komai ba ya kuma fasawa. Wuri ne mai kyau, ka yi gaskiya. Amma da azahar ta yi na miƙe zan gangara alwala inda na saba, sai ga buta an kawo mini har ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na la'asar. Shanu suka dawo shan ruwa, na hango wata jar karsana a baya tana ɗingishi, ƙafar hagu ta gaba. Idon nan da aka yi wa aiki ya gan ta tar. Ban san lokacin da na tuɓe babbar riga na nufi garke ba. Sai Kabiru, babban ɗan Ardo, wanda na sani tun ana goya shi, ya sha gabana. Ya rusuna ya ce, “Alhaji ya koma ya huta. Baƙo ba ya shiga kashin shanu.” Na ce, “Kabiru, ni?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka Baffa ya ce.”

Na koma na mayar da rigar. Ba a rage komai ba, kamar yadda ya yi alkawari.

Sauran ka gani. Aka ɗora mini ƙwaryar man shanu a hannu, aka ƙunsa cinya, gida duka aka fito rakiya. Kai ka yi gaba don ka juya mota, kana tafe kana sakace, da kashin shanu a takalminka. Ban taɓa jin haushin takalmin mutum irin na ranar ba.

Hannuna ya gaji. Habila ma ya gaji da jira.

Naka duk da haka,
Abdulbaqi

*

Inkil
Talata da yamma

Bawana,

Ka yanke labari a inda ya fara daɗi. Daga mota na hango ku kun tsaya a bakin ruwa ku biyu, sauran sun koma. Sannan na ga ka ƙetaro kai kaɗai, ba ƙwarya a hannunka, riga duk ta jiƙe. Me aka yi?

Tuwon kuwa ya yi daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in gaya maka gaskiya, duk lomar da tsohon ya kai sai ya dubi wajen bukkar nan. Bai ci rabin nasa ba.

Kuma har yau ba ka faɗa mini su wa suka kai maka gulmata tun farko ba.

Mansir

*

Ɗan Iya
Laraba

Mansir,

Sallama. A bakin ruwa na tsaya na ce, “Ardo, jar karsanar nan, ƙaya ce ko kofato?” Ya ce, “Kwana shida ke nan. Da muna da mai duba mana, amma ya zama baƙo.”

Na miƙa masa ƙwaryar. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya karɓa. Ya juya ya ce wa su Kabiru su koma. Shi ma ya ɗaga ƙafa zai shiga ruwan, sai ya fasa. Ya ce, “Kai, ka san hanya. In za ka dawo ka zo da magani, ka bar wannan rigar a gida. Kada ka sake aiko mini da takarda.” Ya hau gaɓa bai waiwayo ba. Santsi ya kwashe ni a tsakiyar mashigi, ba wanda ya zo ɗaga ni. Na tashi ina dariya ni kaɗai.

Na sayi maganin. Ran Asabar ƙarfe bakwai ka zo ka kai ni. Amma kai a gindin tsamiya za ka jira, ka zo da jaridarka.

Naka,
Abdulbaqi

Na manta tambayarka. Wanda ya fara faɗa mini an yanka maka rago Habila ne. Ta biyu Habibatu mai nono. Na ukun, ran Asabar a bakin ruwa, shi ne ya faɗa yadda na yarda. Ya ce shekara da shekaru yana neman yadda zai yi mini yanka ba tare da ya fitar da ni daga gida ba, bai samu ba sai ranar da wani mai takalmi a hannu ya zo ya ce shi nawa ne. Ya ce ragon farko nawa ne, na biyun kuwa har yanzu bai san na wane ne ba. Yana kallon ruwa ya faɗa, bai kuma kama sunana ba. Ardo Bakari ne.